Daga Mayo-Belwa Zuwa Monrobiya: Admiral Murtala Nyako da Nauyin Shawara a Lokacin Yaƙi

Tsakure

Wannan takarda ta bi rayuwar aikin Admiral Murtala Hamman-Yero Nyako, ɗan Arewa na farko da ya shugabanci rundunar sojojin ruwan Nijeriya. Ta bi shi ta yaƙe-yaƙe uku: basasar Nijeriya da ta same shi yana ƙaramin hafsa, yaƙin Laberiya da ya same shi yana Babban Hafsa, da rikicin Boko Haram da ya same shi yana gwamnan Adamawa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, shawarar masanin yaƙi tana samun nauyinta daga abin da ke hannunsa da kuma wurin da ya faɗe ta.

Gabatarwa



A garuruwanmu na Jihar Kabi, irin su Liba, da Jega, da Aliero, in aka ce wane ya shiga soja, ba a tambayar wanne. An san sojan ƙasa ake nufi. Tarihin da muke koyarwa a makarantu ma haka yake tafiya: Ironsi, Gowon, Murtala, Buhari, Babangida, Abacha, duk masu kakin tudu. Amma duk wanda ya duba jerin shugabannin rundunar ruwa tun daga Joseph Edet Akinwale Wey, wanda ya karɓe ta a 1964, zai ga Nelson Soroh, da Michael Adelanwa, da Akin Aduwo, da Augustus Aikhomu, da Patrick Koshoni, dukkansu 'yan Kudu, sai a watan Janairun 1990 sunan wani Bafulatani daga Mayo-Belwa ya shiga jerin. Shi ne abin nazarinmu. Mutum ne da siyasa ta raba ra'ayin jama'a a kansa, kuma zan faɗi inda nake ganin ya yi daidai da inda ya zarce.

Makarantarsa ta farko: basasa

An haifi Nyako a Mayo-Belwa a 1942, ya yi karatu a garinsu da kuma Yola. Ya shiga rundunar ruwa a watan Yunin 1963, aka tura shi kwalejin sojojin ruwa ta Dartmouth a Ingila, ya zama hafsa a 1965, ya dawo gida a watan Oktoban 1966. Rundunar da ya shiga yarinya ce, domin a 1956 aka kafa ta daga tsohuwar Ma'aikatar Jiragen Ruwa ta Turawan mulkin mallaka. Ƙasar da ya dawo ya taras kuwa ta sha juyin mulki biyu cikin shekara guda, kowa na kallon ɗan'uwansa da ido ɗaya.

Shugabansa a lokacin, Wey, shi ne misali mafi kyau na mashawarcin cikin ɗaki da tarihin sojanmu ya samar. Ya girmi Gowon da kusan shekara 16, kuma ya fi shi muƙami, amma ya yarda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a lokacin da rashin yardarsa zai iya tsaga sojan gida biyu. Yana cikin waɗanda suka je Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967. Da sulhu ya ƙi, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, rundunar Wey ce aka ɗora wa aikin datse teku.

An saba ba da labarin basasa ta bakin Nsukka da Enugu da Asaba da Onitsha. A ganina an yanke ƙashin bayan yaƙin ne a bakin ruwa. A ƙarshen watan Yulin 1967 jiragen ruwan tarayya suka sauke dakarun Benjamin Adekunle a Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai. A watan Oktoba aka sauka Kalaba. A Mayun 1968 Fatakwal ta faɗi. Daga nan Biyafara ba ta da sauran tashar jirgin ruwa, sai filin jirgin sama na Uli da ake sauka cikin dare. Sauke soja daga teku aiki ne na lissafi tun kafin a harba harsashi. Jirgin sauke dakaru, irin NNS Lokoja, yakan tunkari gaɓa ne ya dafe ƙasa da gabansa, ya buɗe ƙofar goshi, ya shimfiɗa gada, mutane da motoci su fita. In kwamanda ya kuskure lokacin cikar teku da janyewarta, ruwa zai janye ya bar shi zaune kan yashi a gaban bindigar maƙiyi, ba gaba ba baya. Duk mai fito a gulbin Jega ya san ƙaramin wannan ilimi: inda ya ratsa da kwalekwale jiya, yau tudun yashi ne.

Nasarar datse tekun tana da fuska ta biyu, kuma bai kamata mu 'yan Arewa mu riƙa tsallake ta ba. Hanyar da makami ke shiga ita ce hanyar da busasshen kifi da gishiri da magani ke shiga. Da aka rufe ta, yunwa ta kashe yara da tsofaffi, mafi ƙarancin ƙiyasi ma yana maganar dubban ɗaruruwa. Hafsan da ya fara aiki cikin wannan yaƙi ya ga abu biyu tun yana saurayi: cewa wanda ya riƙe hanyar kawo kaya ya riƙe yaƙi, da cewa farar hula ne ke biyan mafi yawan kuɗin. Za mu sake haɗuwa da duka biyun a rayuwarsa.

Minna, sannan hedikwata

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya raba Jihar Arewa maso Yamma, wadda mu ma muke cikinta a lokacin, gida biyu: Sakkwato da Neja. Nyako, yana ɗan shekara 33, aka ba sabuwar Jihar Neja. Bayan kwana 10 aka kashe Murtala. Ya zauna Minna har Disamban 1977, yana haɗa ma'aikatun jihar da ba ta da komai sai suna, sannan ya koma bakin teku. A tsawon aikinsa ya riƙe jirgin sintiri da jirgin sauke dakaru, daga baya ya shugabanci rundunar shiyyar yamma da ke Legas.

Shekarun nan su ne na wadatar mai, aka sayo jiragen da rundunar ba ta taɓa mallakar irinsu ba. Jiragen sauke dakaru, Ambe da Ofiom, sun zo daga Jamus a ƙarshen shekarun 1970. Masu harba makamai masu linzami, irin su Damisa da Ekpe da Agu, suka biyo baya. Babban jirgin yaƙi NNS Aradu, wanda aka ƙera a Hamburg, ya fara aiki a 1982. Sai farashin mai ya karye, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube. Jirgin yaƙi kuwa ko yana ɗaure a tasha ci yake yi: gishirin teku na cin ƙarfe, injuna na neman kayan gyaran da sai da kuɗin waje ake samu. Rundunar da Nyako ya karɓa a 1990 tana da jirage masu kyau a takarda, kaɗan daga cikinsu ne ke iya yin doguwar tafiya.

Naɗin nasa ma bai zo cikin kwanciyar hankali ba. Garambawul ɗin da ya kawo shi shi ne ya kawar da Janar Domkat Bali daga Ma'aikatar Tsaro, kuma Kiristoci da dama sun yi ƙorafin cewa manyan kujerun soja sun koma hannun Musulmi. Wata uku da hawansa, ranar 22 ga Afrilun 1990, Manjo Gideon Orkar ya kai hari Barikin Dodan, ya sanar a rediyo cewa an cire jihohi biyar daga Nijeriya: Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi. Jihar Kabi ba ta zo ba sai 27 ga Agustan 1991, saboda haka a safiyar nan Liba da Maiyama da Jega na cikin ƙasar da aka ce an kora.

Monrobiya, 1990

Charles Taylor ya shiga Laberiya ta kan iyakar Kwaddibuwa a jajibirin Kirsimetin 1989. Kafin tsakiyar 1990 ya cinye yawancin ƙasar, Shugaba Samuel Doe ya maƙale a fadarsa, Prince Johnson da ya ɓalle daga Taylor yana riƙe da yankin tashar jiragen ruwa. Dubban 'yan Nijeriya da 'yan Gana da 'yan Gini sun rasa hanyar fita. A farkon watan Agusta shugabannin ECOWAS suka zauna a Banjul suka kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, da sojoji daga Nijeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Gana.

A nan ne kujerar Nyako ta yi nauyi. Shugaban ƙasa na iya yanke shawarar tura soja da baki, amma akwai tambayoyin da a duk majalisar mulkin soja mutum ɗaya ne ke da amsarsu: jirgi nawa ne zai iya tashi, mutum nawa zai ɗauka, kwana nawa zai yi a hanya, wa zai yi masa rakiya, wa zai kawo mai da abinci da harsashi bayan an sauka. Hanyoyin mota da ke shiga Monrobiya suna hannun Taylor, babban filin jirgin saman ƙasar ma haka. Teku kaɗai ta rage. Aka tara dakarun a Freetown, suka hau jirage, ciki har da NNS Ambe, da rakiyar ƙananan jiragen yaƙi irin su Damisa da Ekpe, da na Gana. Ranar 24 ga Agustan 1990 suka shiga tashar Monrobiya, mayaƙan Taylor na yi musu ruwan wuta. Saukar Bonny ce aka maimaita bayan shekara 23, a ƙasar wasu, da rundunar da talauci ya fara ci.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ranar 9 ga Satumba Doe ya zo hedikwatar ECOMOG a cikin tashar nan, mutanen Prince Johnson suka kama shi a gaban masu kiyaye zaman lafiya, suka tafi da shi suka kashe. Abin kunya ne babba, kuma shi ya sa Nijeriya ta karɓe jagorancin fagen daga ta hannun Janar Joshua Dogonyaro, wanda ya kori mayaƙan Taylor daga birnin. 'Yan jaridar Nijeriya biyu, Krees Imodibe da Tayo Awotusin, sun mutu a hannun mutanen Taylor. A gida kuma ana ta tambaya: me ya kai mu, ko abotar Babangida da Doe ce muke biya da jinin yaranmu? Tambaya ce mai tushe. Sai dai ta ɓangaren da ya shafi takardarmu, hanyar teku ta tsaya. Jiragen da suka kai soja su ne suka kwaso fararen hula, wasu aka sauke su a sansanin Oru na Jihar Ogun. Duk abin da Dogonyaro ya yi a tudu, da kayan da aka sauke masa a tasha ya yi.

Nyako ya bar kujerar a Fabrairun 1992, ya zama Mataimakin Babban Hafsan Tsaro, ya yi ritaya a 1993 da muƙamin Bayis Admiral. Ya koma Mayo-Belwa ya kama noma a gonarsa ta Sebore, har mangwaronsa ya kai kasuwannin Turai, mutane suka laƙaba masa Baba Mai Mangwaro. Da ya tsaya nan, da wannan takarda ta ƙare a nan.

Yola, 2014

Ya zama gwamnan Adamawa a 2007 a jam'iyyar PDP. Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Barno, Yobe da Adamawa. Ba a cire gwamnoni ba, saɓanin yadda Obasanjo ya yi wa Joshua Dariye a Filato a 2004, amma an bar su da kujera babu ƙarfi. Tsarin mulkin 1999 ya sa soja a hannun shugaban ƙasa, 'yan sanda kuma na tarayya ne. Gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, kwamishinan kuma na iya cewa sai ya ji daga Abuja. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, alhali ko kurtu guda ba ya ƙarƙashinsa. Ga mutumin da ya taɓa zama a majalisar da ke tura dakaru wata ƙasa, yanzu yana sayen motoci da mai ga rundunar da ba ta da wajibcin gaya masa inda za ta. A watan Nuwamba na shekarar ya bar PDP ya koma APC tare da Kwankwaso, da Wamakko, da Amaechi, da Abdulfatah Ahmed. Ƙofar fadar shugaban ƙasa ta rufe masa ke nan.

A tsakiyar Afrilun 2014, kwanaki kaɗan bayan bam ɗin Nyanya da sace 'yan matan Chibok, ya rubuta wa gwamnonin Arewa doguwar wasiƙa, ta kuma fita a jaridu. Ya zargi gwamnatin tarayya da yi wa Arewa kisan kiyashi, ya nuna cewa akwai hannunta cikin kashe-kashen da ake jingina wa Boko Haram. Shugaban ƙungiyar gwamnonin a lokacin shi ne Mu'azu Babangida Aliyu na Neja, jihar da Nyako ya fara mulka.

Dole a raba wasiƙar gida biyu kafin a yi mata hukunci. Kukan da ya yi kan abin da ke samun farar hula yana da madogara. A Afrilun 2013 an ƙona Baga, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna hotunan tauraron ɗan'adam na fiye da gidaje 2,000 da suka ƙone. Bayan harin Barikin Giwa a Maiduguri ranar 14 ga Maris 2014, Amnesty International ta ba da rahoton kashe fiye da mutum 600, yawancinsu tsararrun da suka tsere aka sake kamawa. An katse layukan waya, an rufe hanyoyi, kasuwanni sun mutu. Wanda ya ga abin da datse hanya ya yi wa yaran Gabas a 1968 yana da hurumin ya yi magana, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zage shi ba su taɓa buɗe baki kan Baga ba.

Kashi na biyu ne ya rusa na farko. Zargin cewa gwamnati ce ke bayan hare-haren zargi ne da ke bukatar sunaye, da wurare, da ranaku, kuma wasiƙar ba ta kawo su ba. A farkon watan Mayu shugaban Boko Haram, Abubakar Shekau, ya fito a bidiyo ya ce shi ya kwashe 'yan matan. Hafsan da a 1990 ba zai ce jirgi zai tashi ba sai ya ji daga injiniya, a 2014 ya faɗi magana mafi nauyi a rayuwarsa ba tare da ya ajiye hujjarta a kan tebur ba. Magana zarar bunu ce. Masu son kauce wa tambayar Baga da Giwa suka samu abin da suke nema, aka koma gardama kan Nyako, aka bar gawawwakin. Abin ya fi ciwo ta wata fuskar: a ƙauyukan da matasa ke tunanin wa za su yarda da shi, jin cewa Boko Haram ƙirƙira ce daga bakin tsohon Admiral ya ƙara ruɗa waɗanda ya kamata su tashi tsaye su kare kansu. Gwamnonin da ya rubuta wa ba su mara masa baya a fili ba.

Ranar 15 ga Yulin 2014 majalisar dokokin Adamawa ta tsige shi bisa zargin almundahana, kakakinta Ahmadu Umaru Fintiri ya riƙe jihar na ɗan lokaci. A ƙarshen Oktoba Mubi, gari na biyu a girma a jihar, ya faɗa hannun Boko Haram. Hukumar EFCC ta gurfanar da shi a 2015 kan zargin naira biliyan 29, ya musanta. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a watan Disamba, amma ta ƙi mayar da shi kujera.

Abin da ya shafi Kabi

Giɓin da ke tsakanin gwamna da tsaron jiharsa, wanda Nyako ya faɗa ciki, yana nan, kuma yanzu ya iso ƙofarmu. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Makonni uku kafin nan, ranar 26 ga Mayu, jirgin fito ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski. Abu biyu ne daban, amma ƙasa ɗaya suka nuna: yanki mai faɗin ruwa da tsibirai da dazuzzuka, tun daga Kwara har tafkin Kainji da aka datse a 1968, inda hukuma ba ta da ido sosai. Gulbin Zamfara da ya ratsa Jega yana haɗuwa da gulbin Kabi su gangara can. Ƙasar Kanta, sarkin Kabi, ce wannan, wanda tarihi ya san shi da rundunar jiragen ruwa tun ƙarni na 16, kuma har yau akwai sarakunan ruwa da masunta da masu fito da suka san kowace mashiga. Rundunar ruwa ta riga ta shigo tudu: tana da sansani a Lokoja, tana da wani a Baga a bakin tafkin Chadi.

Akwai tsofaffin hafsoshi 'yan jihar nan, na ƙasa da na sama da na ruwa, da ke zaune a gida da iliminsu. Shawarata ga gwamnatin jiha ita ce a kafa musu zama na dindindin a cikin majalisar tsaron jiha, tare da sarakunan ruwa na Yawuri da Argungu da Ngaski, a rubuta abin da suka faɗa, a sa hannu, a aika wa kwamandojin tarayya da ke Birnin Kabi, a kuma ajiye kwafi inda majalisar dokoki za ta iya nema bayan wata shida ta tambayi abin da aka yi da shi.